Tarihin Lambar Kaya: Me Ya Sa Rigar Kanti Ba Ta Zama a Jikinki?

Yau hirar tamu ta fi shafar mata, amma maza ku ma ku tsaya, don ku ne masu biyan kuɗin kayan Sallah da na lefe.

'Yar'uwa, kin taɓa yin odar doguwar riga ta intanet, kin zaɓi lambar da kika saba sawa, kaya suka iso, ƙirji ya shige amma ƙugu ya ƙi? Ko ƙugun ya zauna daidai, kafaɗa kuma ta zazzago? Mata da yawa idan haka ta faru sai su ɗora wa jikinsu laifi. Wata ta daina cin abinci, wata ta koma shan maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe, wanda likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansa. To bari mu bi sawun wannan lamba da ke manne a wuyan riga, mu ga wa ya ƙirƙiro ta, kuma jikin wa aka auna.

Kafin zuwan keken ɗinki, ko a Turai da Amurka mace ba ta san wani abu wai shi lamba ba. Ko ta ɗinka da hannunta, ko ta kai wa mai ɗinki ya auna ta. Elias Howe ya yi rajistar kekensa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, daga nan masana'antu suka samu damar ɗinka kaya da yawa lokaci guda. Matsalar ita ce, wa za a ɗinka wa tunda ba a ga mai sawa ba?

A ɓangaren maza, yaƙi ne ya kawo mafita. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an buƙaci kakin soja masu ɗimbin yawa cikin gaggawa. Da aka auna sojoji sai aka lura cewa idan ka san faɗin ƙirjin namiji, za ka iya kintatar sauran jikinsa ba tare da ka yi nisa da gaskiya ba. Shi ya sa har yau kwat ɗin maza da awon ƙirji ake sayar da ita. Masu masana'anta suka ce ai shi ke nan, mata ma a yi musu haka. Nan fa aka samu cikas, domin mata biyu za su iya zama ƙirjinsu ɗaya, amma ƙugun ɗaya ya fi na ɗayar da inci biyar ko shida. Shaguna masu aika kaya ta gidan waya suka riƙa tafka asara, ana maido musu da riguna ana cewa ba su yi ba.

A 1939 gwamnatin Amurka ta shigo cikin maganar. Wata masaniya mai suna Ruth O'Brien da abokin aikinta William Shelton, a ƙarƙashin ma'aikatar gona ta ƙasar, suka jagoranci auna mata kusan 15,000. Kowace mace an yi mata awo kusan 59, tun daga kafaɗa har idon sawu. Suka fitar da rahotonsu a 1941. Amma ku saurari inda gizo ke saƙa. Awon fararen mata kawai aka sa a lissafin, baƙaƙen fata da sauran jinsuna an ajiye su gefe. Sannan ana ba wadda ta zo ɗan kuɗi kaɗan, a lokacin da ƙasar ba ta gama fita daga matsin tattalin arziki ba, don haka masana tarihi suna ganin matan talakawa ne suka fi zuwa.

Duk da wannan gibi, binciken ya gano gaskiya guda: jikin mata ya bambanta fiye da yadda ake zato. Suka ba da shawarar a haɗa tsayi da nauyi wajen fitar da lamba, abin da zai haifar da lambobi aƙalla 27. Masu shaguna suka ƙi. A ganinsu wace mace ce za ta tsaya gaban mai kanti ta faɗi nauyinta? Kuma wa zai tara riguna iri 27 na salo ɗaya?

Akwai wani labari mai ban dariya da ban tausayi da ya biyo baya. A 1943 wani likitan mata, Robert Dickinson, da wani mai sassaƙa, Abram Belskie, suka tattara matsakaicin awon dubban 'yan mata suka sassaƙa mutum-mutumi, suka raɗa masa suna Norma, wai ita ce cikakkiyar macen Amurka. A 1945 wata jarida a birnin Cleveland ta sa gasa, ana neman macen da jikinta ya yi daidai da na Norma. Mata kusan 3,900 suka aiko da awonsu. Ba a samu ko ɗaya da ta dace da duka awo tara da aka nema ba. Ko wadda aka ba kyautar, wata mai sayar da tikiti a gidan sinima, kusa kawai ta yi. Kun san me wasu masana na lokacin suka ce? Wai matan ne ba su da ƙirar da ta dace, su je su motsa jiki. Ba su yarda cewa mutum-mutumin ne bai yi kama da kowa ba.

A 1958 hukumar kula da ma'auni ta Amurka ta fitar da jadawalin lambobi a hukumance, bayan ta sake bitar waɗancan alƙaluma ta ƙara da awon matan da suka yi aikin soja. Jadawalin ya dogara ne da ƙirji, ya kuma ɗauka cewa sauran jiki zai bi siffar da mu Hausawa muke kira ƙirar kalangu, wato sama da ƙasa a buɗe, tsakiya a tsuke. Ba mamaki, don ita ce ake yayi a lokacin. Tun watan Fabrairun 1947 da Christian Dior ya fito da sabon salonsa a Paris, mai matse ciki da buɗaɗɗen siket, duniyar kwalliya ta koma can. Alhali shekara 20 kafin nan, a shekarun 1920, mace miƙaƙƙiya marar lanƙwasa ake yayi, har wasu na ɗaure ƙirji don ya shafe. A shekarun 1960 kuma siririya irin Twiggy ta Ingila ta karɓe fage. Cikin shekara 40 an sauya ƙirar da ake kira kyakkyawa sau uku, jikin mata kuwa yana nan yadda Allah Ya halicce shi.

Jadawalin 1958 bai yi ƙarko ba. A 1970 aka mai da shi na ganin dama, a 1983 aka janye shi gaba ɗaya. Daga nan kowane kamfani ya yi gaban kansa. Wasu suka gano cewa mace ta fi saurin sayen riga idan ta ga ƙaramar lamba, sai suka riƙa faɗaɗa rigar suna barin lambar yadda take. Ga kuma bambancin ƙasashe: abin da Ingila ke kira 12, Amurka na kiransa 8, yawancin ƙasashen Turai kuma 40. Shi ya sa in kin buɗe dilar gwanjo za ki ga riguna uku masu lamba ɗaya, kowace da girmanta.

A farkon shekarun 2000 masu bincike a jami'ar jihar North Carolina suka yi nazarin awon mata sama da 6,000 da aka ɗauka da na'ura. Kusan kashi 46 cikin 100 miƙaƙƙen jiki gare su, wajen kashi 20 ƙasansu ya fi samansu, wajen kashi 14 samansu ya fi ƙasansu. Masu ƙirar kalangu, waɗanda aka gina jadawalin a kansu, kashi 8 ne kacal.

Yanzu mu dawo gida. Iyayenmu da kakanninmu ba su sha wannan wahalar ba, saboda zane ba shi da lamba. Turmin atamfa yadi shida ne, siririya ta ɗaura, mai jiki ta ɗaura, mai juna biyu ma ta sassauta ta ci gaba da harkarta. Bubu ma haka take. Kuma har gobe muna da abin da ya zama na masu kuɗi a Turai, wato tela mai sa tef ya auna ki ke kaɗai. Sai ga shi yanzu ɗinkin koset ya shigo gidajen biki, amare na kasa numfashi da cin abinci, don a tilasta wa jiki siffar da ko a Amurka mace 8 cikin 100 ke da ita.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Ki sayi tef, ki san awonki uku: ƙirji, tsakiyar ciki, da wurin da ƙugunki ya fi faɗi. In za ki sayi ɗinkakken kaya, ki duba awon inci da mai sayarwa ya rubuta, ki zaɓi wanda ya ɗauki ɓangaren da ya fi girma a jikinki, tela ya rage sauran, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Mai faɗin ƙugu, rigar da ta zauna a kafaɗa ta buɗe zuwa ƙasa za ta yi mata kyau. Wadda kafaɗarta ta fi ƙugu, ta rage hannu mai kumbura da tarin ado a wuya, ta bar siket ya yi faɗi. Mai miƙaƙƙen jiki, tattara ko ɗamara a tsakiya kan fitar mata da siffa. Mai tumbi kuma, yankan da ya fara daga ƙasan ƙirji ya sauka a sake ya fi mata daɗin sawa, musamman da yadi marar manne wa jiki.

Nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mana, a wajenku tela ya fi ko kayan kanti? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.