Yadda Norwe Ta Shigar da Mata Majalisun Daraktoci

A shekarar 2002, mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na daraktocin manyan kamfanonin Norwe ba. Ministan ciniki, Ansgar Gabrielsen, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya shelanta a jarida cewa dole su kai kashi 40. Majalisar dokoki ta amince a 2003, aka fara da lallashi. Da kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu, sai doka ta tsananta a 2006: wanda bai cika sharaɗin ba zuwa 2008, za a rushe shi. Kujeru kuwa suka cika. Sai dai wasu kamfanonin sun sauya nau'in rajistarsu, sun fita daga ƙarƙashin dokar, kuma manajan darakta har yau galibi namiji ne. Mata sun shiga zaure, saura turakar maigida.