Hargowar Jita da Batun Asalinta: Sake Duban Tafiyar Mdou Moctar

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a jaridun kiɗa na Turai da Amurka, wanda yanzu ya fara samun gindin zama a wurin wasu manazartanmu. Ra'ayin shi ne, ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar, ba ta zama abin da ta zama ba sai da Amurkawa masu sha'awar rok mai hargowa suka tsinto ta, suka gyara mata sauti daidai da kunnensu. Masu yabo suna kiransa Hendrix na Sahara, masu suka suna cewa haja ce da aka ɗinka domin kasuwar waje. Dukkansu sun haɗu a kan abu guda, wato hargowar da ke cikin kiɗan baƙuwa ce. A ganina wannan kuskure ne, kuma kuskuren ya shafe mu kai tsaye, domin yana share rawar da ƙasar Hausa ta taka a wannan tafiya.

Ba sai na yi doguwar shimfiɗa ba. Tarihin jitar Abzinawa, daga Tinariwen da kaset-kaset ɗin zamanin tawayen 1990, sananne ne. Haka ma bunƙasar kiɗan fiyano na finafinan Hausa (Adamu 2007) da yadda kwafar kaset ta tsara kunnen mutanen Kano (Larkin 2008).

Sunan Mdou na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, kuma bahago ne. A shekarar 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Ga wanda ya san hanyar Tawa zuwa Birnin Ƙonni, ta Illela zuwa Sakkwato, wannan ba abin mamaki ba ne: hanyar fatake ce tun kaka da kakanni. Abin da ya fito daga situdiyon shi ne waƙoƙin Tamashek, harshen Abzinawa, da aka bi da su ta Auto-Tune, da gangar na'ura, irin zubin da kunnen mai kallon fim ɗin Hausa ya saba da shi a lokacin. Babu kamfanin da ya buga kundin a wancan karo. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya, ta Bluetooth da katin memori, har suka kai arewacin Mali. A can Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da waƙar Tahoultine, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan daga baya ya shiga neman mai ita.

A lura da jerin abubuwan. Waƙar ce ta riski Kirkley, bayan ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci da ƙafarta. Masu saurare sun riga mai ganowa. Kuma wannan hanyar yaɗuwa ba ta mutu ba. A nan Abuja, wanda ya bi ta unguwannin Gwarimpa ko Maitama da daddare zai iya tarar da Abzinawa masu gadi a bakin ƙofa, butar shayi a kan gawayi, ƙaramar waya a jingine da bango tana fitar da jita da iyakar ƙarfinta, har lasifikar tana karkarwa. Babu gidan rediyon birnin da ya kawo musu wannan kiɗa, babu kantin faifai. Daga wayar ɗan'uwa ya fito, ko daga teburin masu tura waƙa a kasuwa.

Mafi ƙarfin suka da na ji ta fito ne daga wani abokin aikina, masanin kiɗa, wanda muka daɗe muna ja-in-ja da shi kan wannan batu, kuma ya cancanci a ba shi fili sosai. Ya ce duk abin da na kawo game da Sakkwato gaskiya ne, amma bai taɓa maganarsa ba. A saurari Anar, in ji shi, babu hargowa a ciki ko kaɗan, kiɗa ne mai laushi, na soyayya da kewa. Sannan a saurari Ilana na 2019, wanda aka ɗauka a Detroit, da Afrique Victime na 2021. Tsakanin waɗannan biyu da na farko me ya shigo? Mikey Coltun ya shigo, Ba'amurke mai kaɗa jitar bes wanda ya taso cikin kiɗan bayan fage na ƙasarsu, kuma shi ya tsara sautin Afrique Victime. Kamfanin Matador ya shigo, wanda shi ne ya buga kundin Sonic Youth na 2009, su kuwa jiga-jigan rok mai hargowa ne. Shi kansa Mdou ya faɗa a hirarraki cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen ya ɗauki wasu dabarun yatsa. To, in ji abokina, me ya rage?

Hujjar tana da nauyi, kuma ban ga amfanin raina ta ba. Sai dai ta kwatanta situdiyo da situdiyo, ta tsallake wuri na uku, wanda shi ne ainihin makarantar makaɗin jita a Nijar, wato filin biki. A Agadas ana yin wasan biki a fili, ana jan wuta daga janareta, ana ɗaura jita a ƙaramar amfilifaya da ba a ƙera ta domin taron ɗaruruwan mutane ba. Makaɗi yana gasa da rugugin inji, da guɗa, da tafi, da mai ganga da ke ƙara sauri duk lokacin da 'yan rawa suka shigo da'ira. Dole ya murɗe sauti har ƙarshe, sautin kuwa ya fashe. Akwai shaidar wannan a faifai tun kafin kowa a Amurka ya ji sunan Mdou: kundin Group Inerane a jerin Guitars from Agadez ya fito a 2007, na Group Bombino a 2009. Shi ma Mdou, kundinsa Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Nijar kafin zuwan Coltun, yana ɗauke da wannan fasasshen sauti a waƙoƙinsa na jitar lantarki. Anar da filin biki fuskoki biyu ne na mutum guda a lokaci guda, ɗaya ta waya, ɗaya ta taro.

Abokina bai tsaya nan ba. Ya ce su wa suka buga faya-fayan Group Inerane da Group Bombino? Kamfanin Sublime Frequencies ne, na su Alan Bishop na ƙungiyar Sun City Girls da Hisham Mayet, mutanen da kunnensu dama hargowa yake nema, don haka sun zaɓi mafi ƙara suka bar saura. Ya ƙara da cewa fashewar sauti a biki talauci ne na kayan aiki, kuma da za a ba makaɗin lasifika mai kyau da ya yi murna.

Kashin farko na amince da shi zuwa wani matsayi. Mai yiwuwa ne ƙwarai zaɓin wannan kamfani ya karkata hoton da duniya ke da shi na kiɗan Agadas. Amma mai zaɓen tumatir a kasuwa ba shi ya noma shi ba. Kashi na biyu kuwa, a nan nake ganin abokina ya yi nisa da abin da bincike ya nuna. Babbar gudummawar Larkin ita ce nuna cewa dusashewar hoto da fashewar sauti a kaset ɗin da aka kwafa sau da yawa sukan daina zama aibi kawai, su zama yanayin da mutane suka saba ji da gani a cikinsa. Abin da ya faro a matsayin tilas yana iya zama ɗanɗano. Alamar hakan, a iya fahimtata, ita ce lokacin da waɗannan makaɗa suka samu kayan aiki na gari ba su gudu daga wancan sauti ba, nemansa suka yi. Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar, ta samu masu saurarenta a gida ta hanyar dogayen wasannin dare tun kafin kamfanin FatCat ya buga Kaani a 2013, kuma saurinta da zafin jitarta daga can ta zo da su.

Duk da haka, ya kamata in taƙaita da'awata zuwa inda hujja ta tsaya. Ba zan ce nauyin sautin Afrique Victime, da kaurin bes ɗinsa, da dogon kaɗin jita na ƙarshen babbar waƙarsa, duk daga filin biki suka fito ba. Hannun Coltun yana nan, shekarun yawon wasa a dandalin Amurka da Turai suna nan, Van Halen ma yana nan. Ƙungiyar da ta ƙunshi Mdou da Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Coltun haɗin gwiwa ce, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da hujja ta ba ni shi ne abu biyu: masu saurare sun samu kafin zuwan baƙo, fasasshen sauti ma haka. Baƙo ya ƙara masa kauri, ya kai shi nesa.

Akwai kuma abin da hargowar take ɗauke da shi, wanda masu ra'ayin haja ba su cika tsayawa a kansa ba. Kundin Funeral for Justice na 2024 yana magana ne kan Faransa da dukiyar Nijar, ƙasar da aka shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukanta ba su da wutar lantarki, da kuma kiran Abzinawa su riƙe harshensu. Da Tamashek ake faɗin yawancin wannan, harshen da ɗan kallo a Amurka ba ya ji. Mutanen gida ake yi wa maganar. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya riski ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ɗin cikinta suka maƙale a can na wani lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne, rubuce-rubucen waje sukan wuce zangon Sakkwato da layi ɗaya, mu kuma mun bar su. Kiɗan fiyano da wasu malamanmu suka daɗe suna yi wa kallon nanaye marar daraja, shi ne ya ba wannan makaɗi muryar da ta fara fitar da shi daga jiharsu. Masu situdiyon wancan zamani da masu tura waƙa a kasuwanni mutane ne da za a iya zama da su a yi hira, katunan memori kuwa lalacewa suke yi kullum. Ina kira ga sassan nazarin harsuna da al'adu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero, da Hukumar Raya Fasaha da Al'adu ta Ƙasa da ke nan Abuja, su tura ɗalibai su tattara waɗannan katuna da waɗannan hirarraki tun masu su suna raye.