Namun Fadamun Volta da Kasuwar Kumasi

Zangon Kumasi ya samo asalinsa daga fataucin goro. Tun zamanin dā ayarin Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan bi hanyar Gwanja su sauka a Salaga, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su sayi goron ƙasar Asante. A yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su wuce Salaga ba. Amma Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sa'an nan Turawa suka kama Kumasi a 1896. Daga nan hanya ta buɗe. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, baƙi daga arewa suka yi ta ƙaruwa, zango ya zama gari a cikin gari.

Hanyar da ta haɗa Salaga da Kumasi ta ratsa wata ƙasa da ba a cika ba da labarinta ba. Matafiyi yakan ƙetare kogin Volta a Yeji, ya bi ta Prang da Atebubu da Ejura, kafin ya hau tudun Mampong ya shiga kurmi. A wannan shimfiɗa ne kogunan Pru da Sene da Afram suke gangarawa zuwa Volta. Kowace shekara, wajen Satumba da Oktoba, sukan cika su batse, ruwa ya malale fadamu ya shiga ƙarƙashin itatuwan bakin rafi. Mutane ba su yi yawa a can ba, gama ambaliya takan hana gina gari kusa da ruwa, ƙudan tsando kuma yakan sa wa shanu sammore. Abin da ya kori makiyayi shi ya tsare naman daji.

Namun da suke zama a irin wannan wuri duk suna da suna a Hausa, domin dā akwai irinsu a fadamun Rima da na Haɗeja. Mariya tana son gajeriyar ciyawa kusa da ruwa, tana kiwo garke garke. Gwambaza ta fi ta girma, tana da wari a jiki, idan an matsa mata takan faɗa ruwa ta tsira. Kwanta-rafi kuwa sunansa ya faɗi halinsa: yakan lafe cikin doguwar ciyawa har mutum ya kusa taka shi, sa'an nan ya yi fito ya zabura. Mazo yana zama shi kaɗai cikin duhuwar bakin rafi, kukansa kamar haushin kare, namijin da aka yi wa rauni kuma yana iya juyowa ya soki maharbi da ƙaho. Ga kuma gada, da ɓauna, da gwanki a kan tudu.

Gwanintar maharbin fadama ita ce sanin halin ruwa. Sa'ad da kogi ya cika, namun sukan gudu zuwa 'yan tuddan da ruwa bai rufe ba, su taru a wuri kaɗan. Wanda ya san inda tuddan nan suke tun da rani, ya san inda zai same su da damina. Idan ruwa ya janye wajen Nuwamba da Disamba, laka takan riƙe sawu sarai, har a gane ko na jiya ne ko na asubar yau, ko mace ce mai ɗa a bayanta. Bayan an ƙone ciyawa da hunturu, sabon toho yakan jawo mariya fili. Maharbi yakan zuba toka kaɗan daga hannunsa don ya ga inda iska ta nufa, ya bi ta ƙasan iska. A ƙasar Hausa akan ɗaura kan burtu a goshi, a yi rarrafe ana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har a kusato. Makamin dā shi ne baka da kibiya mai dafin kwankwani, daga baya bindigar toka ta zo. Aiki ne mai wuya, kamar yadda ake cewa, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Dajin nan ba kara zube yake ba. Mutanen Gwanja da Bono da Asante suna da maharbansu da dokokinsu. Bisa al'adar Asante, wanda ya kashe babban nama yakan kai wa sarkin da ke da ƙasar cinya guda, baƙo kuwa sai ya nemi izini kafin ya shiga. Wannan, da raunin makamai, da wuyar kai ɗanyen nama nesa da ƙafa, su suka sa abin da ake kashewa bai fi ƙarfin daji ba.

Abubuwa biyu suka sāke wannan hali. Na farko shi ne mota da bindigar harsashi da fitilar goshi. Naman da aka harbe da dare ya zama yana iya isa Kumasi da safe. A tsakiyar birnin akwai kasuwar Atwemonom, wadda sunanta da harshen Twi yake nufin ɗanyen naman gada. Mata ne suke riƙe da cinikinta, 'ya takan gaji uwa, a nan ake babbake gyauji da gada da mazo a sayar wa masu tuwon sayarwa. Mutanen Zango an fi saninsu da fawar shanu da tsire da kilishi, amma bukatar babban birni ta shafi kowa, gama kowane baki da ya ƙaru a Kumasi ya ƙara wa daji nauyi.

Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka fara a 1961 aka gama a 1965. Tafkin Volta ya rufe ƙasa wajen murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Tsohon garin Kete Krachi, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru, mutumin Kano, ya zauna har ya rasu a 1934, yana cikin wuraren da ruwa ya ci. Dā ambaliya takan zo ta koma, ta bar ciyawa mai kyau a bayanta. Wannan kuwa ta zo ta zauna. Ƙananan kwaruruwan Afram da Sene da Pru suka zama hannuwan tafki, masunta da manoma suka cika sabuwar gāɓa, namun suka matsu a ɗan abin da ya rage.

A 1971 gwamnatin Ghana ta keɓe dajin Digya a yammacin tafkin, da na Kogyae kusa da Ejura a bakin Afram, ta hana farauta a cikinsu. A wannan shekara kuma aka kafa doka ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, sai gyauji kaɗai ga mai takardar izini. Har wa yau akan sanar da wannan hani kowace shekara. Dalilin da aka bayar shi ne lokacin haihuwar namun ne, amma watannin nan sun kuma yi daidai da cikar koguna, sa'ad da namun fadama suke takure a kan tuddai, ba su da wurin gudu.

Doka a takarda ba ta iya tsare daji ita kaɗai, gama ma'aikata kaɗan ne, gāɓar tafki kuwa doguwa ce. Maharbi ba ya shan sanyin asuba cikin laka sai don ya san akwai mai saye a birni. Saboda haka rabon mariya da mazo yana hannun mai cefane a Kumasi kamar yadda yake hannun mai bindiga a bakin Afram. Idan aka daina sayen namansu a cikin watanni huɗun nan, macen da ke kan tudu da ɗanta za ta kai har ruwa ya janye.