Kafin Jirgin Dabino Ya Bar Kuwait

A Kuwait ta shekarun 1930, dabinon Basra ne yake sa wa matuƙan jirgin ruwa ranar tashi. Da zarar watan Agusta ya kama, nunar dabino ta matso, sai bakin teku ya kacame da aiki. Manyan jiragen katako da ake kira bum, waɗanda iska kaɗai ke turawa, sun yi watannin zafi a ajiye. Yanzu za a shirya su domin tafiyar wata tara ko goma, zuwa Indiya ko gabashin Afirka.

Garin ba shi da daji, ba shi da kogi. Katakon tik da ake ƙera jirgin daga gaɓar Malabar ta Indiya ake kawo shi, haka ma igiyoyin ɓawon kwakwa. Hatta ruwan sha daga kogin Shaɗɗul Arab ake jigilarsa.

Aiki mafi wuya shi ne gyaran gindin jirgi. Idan ruwa ya janye, sai a tokare jirgin da itatuwa, ma'aikata su kankare duk abin da ya manne masa, kafinta ya bi tsagogin katako yana cusa auduga. Sannan a narka kitse a tukunya, a dama shi da farar ƙasa, kowa ya ɗebo da tafin hannu yana shafewa. Wannan haɗin ne ke kare katako daga tsutsar teku mai huda shi kamar gara. Saman jirgi kuwa man kifi ake shafa masa har ya yi sheƙi, warinsa ya cika unguwa. Can gefe an baje ƙaton ƙyallen da iska ke bugawa a kan rairayi, mutane sun jeru da allurai suna ɗinki. Duk wannan da kiɗa ake yinsa: kowane babban jirgi na da mawaƙinsa, nahham, yana bayarwa, ma'aikata suna amshi da tafi da ganga.

Shugaban tafiya shi ne nahoda, kamar madugu a ayarin fatake. Babu mai albashi a ƙarƙashinsa. Idan an dawo sai a cire kuɗin abinci, mai jirgi ya ɗauki rabonsa, a kasa sauran. Kafin tashi nahoda kan ba ma'aikaci wani abu ya bar wa iyali, kuma wannan bashin ne ke ɗaure da yawansu ga jirgi guda shekara da shekaru. Abin da ke rage musu zafi shi ne akwatin da aka yarje wa kowa ya shigo da shi, ya zuba 'yar hajarsa ya sayar a hanya.

Guzuri bai wuce shinkafa da dabino da busasshen kifi da man shanu da gahawa da shayi ba. Ana cika tankunan katako da ruwa, a jibge itacen girki kusa da akwatin murhu. Ɗakin kwana babu. Kan kaya ake miƙewa. Makewayi kuwa wani ɗan akwati ne da ke reto a wajen jirgi, teku na ƙarƙashinsa.

Daga Kuwait sai Basra, a loda dabino har jirgi ya cika maƙil. Masu nufin Afirka sukan sauke shi a Aden, su bi iskar arewa maso gabas, wadda ke kaɗawa daidai lokacin hunturu, zuwa Lamu da Mombasa da Zanzibar. A bakin kogin Rufiji suke saro itatuwan rufin ɗaki, su juyo gida a watan Afrilu idan iska ta sauya. Alan Villiers, wani matuƙi ɗan Ostireliya, ya shiga irin wannan jirgi a Aden a ƙarshen 1938, ya ga kafintan jirgi yana ƙera ƙaramin kwalekwale a tsakiyar teku domin sayarwa a gaba.

A wannan shekara ta 1938 aka tono man fetur a Burgan ta Kuwait, kuma daga 1946 da aka fara fitar da shi, ma'aikata suka yi ta barin teku suna kama aikin albashi. A 1938 ɗin aka ƙera bum mai suna Fatahul Khair. An sayar da shi zuwa Iran, aka dawo da shi a shekarun 1990, yanzu yana girke a tudu a Kuwait, 'yan makaranta na zagaya shi.