Filayen Ajiye Motoci da Tsofaffin Gine-gine: Abin da Ya Faru a Birnin Buffalo

Filin ajiye motoci na ƙasa fili ne da ake shimfiɗa wa kwalta ko siminti domin ajiye motoci, ba tare da an ɗora masa bene ba. A biranen Amurka, akasarin irin waɗannan filaye da ke tsakiyar gari a da gine-gine ne, aka rushe su. Birnin Buffalo na Jihar New York na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, kuma yana cikin na farko da suka sauya hanya.

Yadda filayen suka yawaita

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu hali sun riƙa ƙaura zuwa unguwannin bayan gari, suna shigowa aiki da mota. Dokar gina manyan hanyoyi ta 1956 ta ƙara wa wannan ƙaura ƙarfi. Abubuwa biyu suka sa rusau ya fi gyara riba. Na farko, harajin kadara yana bin darajar fili da ginin da ke kansa, don haka wanda ya rushe gininsa harajinsa ya ragu, ga kuɗin ajiye motoci yana shigo masa kullum. Na biyu, dokokin tsara birane sun wajabta wa kowane shago, ofis ko gidan haya tanadar wa motoci wani adadi na gurabe. Kowace mota na cin kusan murabba'in mita 30 idan aka haɗa da hanyar shiga da fita. Tsohon ginin da aka yi tun kafin zuwan mota ba shi da wannan sarari, sai dai a rushe na maƙwabcinsa.

Asarar ginin Larkin

Misalin da aka fi ambata shi ne ginin ofis na kamfanin sabulu na Larkin, wanda fitaccen mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya tsara, aka kammala a 1906. Da kamfanin ya durƙushe, ginin ya koma hannun hukumar birni saboda bashin haraji, ita kuma ta sayar da shi kan dala 5,000. An rushe shi a 1950, wurin ya zama filin ajiye motoci. A shekarar ce yawan mutanen Buffalo ya kai ƙololuwa, kimanin 580,000. Zuwa 2010 ya ragu zuwa kimanin 261,000.

Sauyin alƙibla

A 1966 Amurka ta kafa dokar kare wuraren tarihi, daga baya gwamnatin tarayya ta fito da rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran ginin tarihi mai kawo kuɗin shiga. A Buffalo, ginin Guaranty na 1896 ya tsallake rijiya da baya a shekarun 1970, aka gyara shi. Otal ɗin Lafayette na 1904 ya sake buɗewa a 2012 da ɗakunan baƙi, gidajen haya da shaguna.

A 2017 Buffalo ta zama babban birni na farko a Amurka da ya soke wajabcin tanadar guraben motoci a duk faɗinsa. Dokar ba ta hana gina wurin ajiye motoci ba, ta dai bar wa mai gini zaɓi. Minneapolis ta ɗauki irin wannan mataki a 2021.

Muhawara

'Yan kasuwa da dama na fargabar cewa ƙarancin wurin ajiye mota zai kori masu saye, musamman inda motocin haya na gwamnati ba su wadata ba. Masu goyon bayan sauyin, irin su marigayi Farfesa Donald Shoup, sun ce ajiye mota kyauta ba kyauta ba ce, domin kuɗinta na ɓoye cikin hayar gida da farashin kaya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Buffalo sun kai kimanin 278,000, ƙaruwa ta farko cikin shekara 70, ko da yake zuwan baƙi daga ƙasashen waje na cikin manyan dalilanta.