Kwalejin Katsina da Tushen Ƙagaggun Labaranmu

In muna neman tushen ƙagaggun labaran Hausa, sai mu leƙa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Ɗalibanta a ɗakunan ƙasa suke kwana, a aji a matsa musu kan lafazin Turanci, a fili su yi wasan kurket. Amma da Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, tsofaffin ɗalibanta, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kawo Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, malaminta Bello Kagara kuma ya kawo Ganɗoki. Ashe Turancin bai raba su da Hausa ba. Mu fa, yaushe rabonmu da shiga makarantun sakandare neman magadansu?