Rabin Albashi Na Kwana 28: Yadda Diyyar Hatsarin Aiki Ta Iso Yamai

Idan magini ya faɗo daga kan gini a Yamai, ko inji ya datse wa ma'aikaci yatsu, tambayar da iyalinsa kan fara yi bayan an ɗaure rauni ita ce: daga yaushe kuɗi za su fara shigowa, kuma nawa ne? Ga wanda ke da rajista da asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, dokar Nijar ta ba da amsa. Ranar da hatsarin ya auku, uban gidan aiki ne zai biya ladanta cif. Daga washegari asusun ke karɓar nauyin, yana biyan rabin ladan yini har kwana 28, sannan kashi biyu cikin uku daga rana ta 29, har mutum ya warke ko likita ya tabbatar da cewa naƙasar ta zauna. Babu kwanakin jira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙasashen da suka ƙirƙiro diyyar ba haka suka fara ba.

Dokar Ingila ta 1897 ba ta biyan ko sisi sai mutum ya yi mako biyu a kwance. Ta Faransa, wadda aka sa wa hannu ranar 9 ga Afrilu 1898, ta ɗora wa masu masana'antu alhakin biya ko da ba laifinsu ba ne, amma rabin lada kawai, kuma daga rana ta biyar. Hujjarsu ita ce idan aka biya tun ranar farko, leburori za su riƙa kwanciya a kan ƙaramin ciwo. A 1905 aka ɗan sassauta: wanda jinyarsa ta wuce kwana goma, a biya shi har kwanakin farkon. Sai a dokar 30 ga Oktoba 1946 Faransa ta mayar da lamarin hannun asusun gwamnati, da tsarin rabi na kwana 28 da kashi biyu cikin uku bayan haka. Ga asalin lissafin da ake yi wa ma'aikacin Yamai a yau.

Amma dokar 1898 ba ta biyo Turawan mulkin mallaka zuwa bakin kogin Kwara ba. Lokacin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, da yawa cikin waɗanda suka ɗauki dutse da ƙasa suna shimfiɗa hanyoyi aikin tilas suke yi. Wanda ba a biya shi ladan kirki yana da lafiya ba, wa zai yi maganar rabin ladansa in ya karye? Gida yake komawa, dangi su yi jinya. Dokar da aka yi wa Afirka ta Yamma ta Faransa a 1932 ma ba ta rufe kowa ba, 'yan kaɗan ne suka amfana.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ƙungiyoyin ƙwadago. An soke aikin tilas a watan Afrilu 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari a faɗin yankin, kuma ranar 15 ga Disamba na wannan shekarar aka zartar da kundin dokar aiki na ƙasashen da Faransa ke mulka. A Nijar, Djibo Bakary na cikin jagororin ƙwadago na wancan zamani. Matsin lambarsu ya kawo asusun kuɗin iyali a 1956, sai kuma dokar 24 ga Fabrairu 1957 a kan diyyar hatsari da cututtukan da aiki ke jawowa. Bayan 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa CNSS a 1965, ta damƙa mata reshen diyyar hatsarin aiki, wanda masu ba da aiki ne kaɗai ke zuba masa kuɗi, ba a cirar komai daga albashin ma'aikaci dominsa.

A nan ne nake ganin mun yi tsaye. Faransa da muka gaji lissafin daga gare ta ta ɗaga nata tuntuni, yanzu kashi 60 cikin 100 take biya a kwana 28 na farko, sannan kashi 80. Mu muna nan a kan rabi. Mai ɗaukar sefa 60,000 a wata, ladan yininsa 2,000 ne, idan ya ji rauni ya koma 1,000. Kuɗin haya bai ragu ba, farashin tiyar gero bai ragu ba, yara suna nan yadda suke. Kuma makonnin farkon, waɗanda aka fi rage wa kuɗi, su ne gida ke cikin ruɗani, matarsa ta bar sana'arta tana zirga-zirgar asibiti.

Akwai kuma jiran da ba a rubuta a doka ba. Wajibi ne uban gidan aiki ya kai rahoton hatsari cikin awa 48, a haɗa da takardar likita. In ya yi nawa, ko kuma tun farko bai yi wa ma'aikacinsa rajista ba don gudun zubi, haƙƙin da ya kamata ya fara tun washegari sai ya maƙale a takardu. Sannan mafi yawan masu neman abinci da ƙarfinsu a Yamai ba su ma cikin tsarin: maƙeran kasuwar Katako, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, yaran gareji. Idan ɗayansu ya ji ciwo, maigidansa ya biya kuɗin magani in yana da hali, abokan sana'a su yi karo-karo, sauran kuma ya faɗa kan 'yan uwa, kamar dai yadda ake yi kafin 1957.